Ɗaki mai taya a bayan a-kori-kura: lissafin nauyi da ya shafi kowane ɗan kasuwa

Ɗan kasuwa mutum ne mai awo. Mai hatsi tana da tiyarta, mahauci yana da sikelinsa, mai atamfa yana da yadinsa, kuma babu wanda zai yarda a rage masa ko dala ɗaya a wajen canji. Amma akwai wuri guda da awo yake ƙarewa, shi ne bakin tasha ranar kasuwa. Nan ne za ka ga an jera buhu bisa buhu, an ɗaure jarkoki a gefe, an ɗora awaki, sa'an nan mutane su haye sama, ba wanda ya tambayi nauyin abin da aka ɗora. In bayan motar ya zauna har ya kusa taɓa ƙasa, sai a ce ta ci kaya, a yi bisimilla a kama hanya.

A can ƙasar Amurka akwai wasu mutane da suka ɗauki wannan lissafi da muhimmanci ƙwarai, har ba su tashi tafiya sai sun yi shi. Su ne masu tafiya hutu da iyalansu, waɗanda ke ɗaura ɗan ɗakin kwana mai taya a bayan motar a-kori-kura su ja shi ɗaruruwan kilomitoci. Motar da da yawa daga cikinsu ke ja da ita kuwa ƴar uwar Hilux ɗin da muka sani ce. Saboda haka abin da suka koya game da nauyi, da birki, da zafin hanya, ya shafi duk wanda hajarsa ke hawa bayan mota.

Mene ne ɗaki mai taya?

Ƙaramar tirela ce wadda aka gina ta kamar ɗaki. A ciki akwai gado, da murhun gas, da tankin ruwa, da ɗan firiji, wata ma har da makewayi da wurin wanka. Ba ta da inji, sai an ja ta. Faransawa na kiranta karaban. Mai ita zai ɗaura ta a ƙugiyar da ke bayan motarsa, ya tafi bakin tabki ko gindin dutse, ya kwance ta, iyali su kwana ciki kwana biyu ko mako guda su komo gida.

Sana'a ce babba a can. Yawancin irin waɗannan ɗakuna ana ƙera su ne a jahar Indiyana, a garin Elkat da kewayensa. A shekarar 2021 kamfanonin Amurka sun fitar da motoci da tirelolin hutu fiye da 600000, adadin da ba su taɓa kaiwa ba kafin nan.

Motocin da ke jan su iri-iri ne, amma wadda ta dame mu ita ce matsakaiciyar a-kori-kura, wadda ba ta kai manyan na Amurka girma ba. Kamfanin Toyota ya fara ƙera Hilux a 1968, kuma a 1995 ya maye gurbinta a kasuwar Amurka da wata mai suna Tacoma. Ita da Ford Ranger da Chevrolet Colorado duk kusan girmansu ɗaya da Hilux. Tacoma ƙirar 2024 an yarda mata ta ja har kusan kilo 2950, Ranger kilo 3400, Colorado kuma kusan kilo 3500. Waɗannan su ne lambobin da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a tallar mota, kuma su ne ke yaudarar sabon shiga.

Lamba biyu ce, kuma ƙaramar ce ke fara cika

Kowace mota irin wannan tana da iyaka biyu. Ta farko ita ce nauyin da za ta iya ja a bayanta. Ta biyu ita ce nauyin da za ta iya ɗauka a kan tayoyinta huɗu, wato direba, da fasinjoji, da kayan da ke cikin bodi, da duk abin da aka ƙara mata. Mutane sun fi duban ta farko domin ita ce babba, alhali ta biyun ce ke fara cika.

Dalili kuwa shi ne tirela ba ta ɗaukar dukan nauyinta da kanta. Wani kashi yana sauka ne bisa ƙugiyar motar, kuma a Amurka ƙa'idar ita ce ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar. Wannan nauyi a kan mota yake, a cikin lissafin abin da ta ɗauka ake sa shi.

Bari mu yi lissafin kamar yadda ake yi a kanti. Mu ɗauka wani magidanci yana da mota da aka rubuta mata ja kilo 3000, ɗauka kuma kilo 600. Ya sayi ɗaki mai nauyin kilo 2500 da kayansa. Zai ce ai da sauran kilo 500, babu damuwa. To amma kashi 12 cikin ɗari na kilo 2500 kilo 300 ne, kuma sun zauna bisa ƙugiya. Shi da uwargida da ƴaƴa biyu, a ce kilo 260. An kai 560. Abin da ya rage masa kilo 40 ne kacal, ko buhun siminti ɗaya bai kai ba. Da ya jefa janareto da itacen girki a bodi, ya wuce iyaka, ko da yake bai kai lambar da aka yi masa talla da ita ba.

Akwai kuma nauyin da ba a gani. Kamfani yana rubuta nauyin ɗakin ne yana fanko. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ke nan tanki mai lita 150 ya ƙara kilo 150 tun ba a sa tukunya ko bargo ba. Shi ya sa waɗanda suka daɗe a harkar ba su dogara da takarda. Sukan shirya tsaf kamar za su tafi, su biya ta babban sikelin da ake auna manyan motoci a gidajen mai, su biya ƴan kuɗi a auna musu tayoyin gaba daban, na baya daban, na tirela daban. Da yawansu kuma ba su wuce kashi 80 cikin ɗari na abin da kamfani ya yarda, domin a bar wa mota wurin numfashi.

Darasin amalanke

Duk wanda ya tashi a Maraɗi ko Tasawa ko Madawa ya taɓa ganin amalanken da aka tara wa kaya a baya. Da an ɗora buhun ƙarshe sai gaban ya tashi, jaki ya rataya a sama yana harba ƙafafu. In kuma aka tara kayan duka a gaba, sai su danne wa jakin baya ya kasa tafiya. Mai amalanke na kirki ya san inda zai aza kowane buhu domin nauyi ya ɗan rinjaya gaba kaɗan. Ilimin jan tirela ke nan gaba ɗayansa, sai dai ita mota tana gudun kilomita 80 a awa, kuskuren da jaki zai yafe ita ba ta yafewa.

Ƙa'idar da masu tirela ke bi ita ce a sa wajen kashi 60 cikin ɗari na kaya a gaban tayoyin tirelar, 40 a baya, kuma masu nauyi su zauna ƙasa. In kaya suka yi yawa a baya, tirela takan fara kaɗa gindi, hagu da dama, kaɗan-kaɗan. Iska ce ta buge ta, ko babbar mota ta wuce ta kusa, ko direba ya kauce wa rami. Muddin ana gudu, kaɗawar ƙaruwa take yi, har ta fizgi bayan motar ta juya ta a tsakiyar hanya. Abin da ake koya wa direba a irin wannan hali shi ne ya ɗage ƙafa daga totur, ya riƙe sitiyari sosai ba tare da ya bi kaɗawar ba, kuma kada ya taka birkin mota da ƙarfi. In tirelar tana da nata birkin, shi ne zai ja a hankali har ta daidaita.

In kuma nauyi ya yi yawa bisa ƙugiya, bayan motar zai zauna, gabanta ya ɗaga. Tayoyin gaba su ne ke juya mota, su ne kuma ke yin mafi yawan aikin birki, to ga shi sun rage kama ƙasa. Sitiyari zai yi sakwa-sakwa a hannu, fitilu kuma su daina haska hanya su koma cikin idon wanda ke zuwa. Wanda ya taɓa haɗuwa da motar kasuwa da dare, fitilunta na duban sama, ya san abin da ake nufi.

Ja da tsayawa

Injin mota yana iya motsa abin da ya fi ƙarfinsa in an sa giya ta ɗaya. Wahalar tana wajen tsayawa. Birkin da aka yi wa mota an yi shi ne daidai da nauyin da aka rubuta mata, kuma tazarar tsayawa ba ta tafiya daidai da gudu: in gudu ya ninka biyu, tazarar takan ninka huɗu. Shi ya sa sababbin Hilux da ake sayarwa a Turai da Ostareliya, waɗanda aka yarda su ja kilo 3500, sharaɗin shi ne tirelar ta kasance da birkin kanta. In ba ta da shi, iyakar kilo 750 ce. Mota ɗaya, inji ɗaya, amma rashin birki a baya ya mayar da abin da za ta ja wajen kashi ɗaya cikin biyar. Tsofaffin ƙira kuwa lambarsu ba ta kai haka ba.

Dokokin ƙasashen sun bi wannan hanya. A Faransa mai ƙaramin lasisin tuƙi yana iya jan tirelar da ba ta wuce kilo 750 ba, ko wadda ta fi haka in ita da motar ba su wuce kilo 3500 a haɗe ba. Abin da ya ɗara haka sai da ƙarin horo ko wani lasisin. A jahar Kalifoniya mai jan tirela ba ya wuce kilomita 88 a awa ko da hanya ta yi kyau, a Jamus kuma ƙa'idar kilomita 80 ce sai wanda ya sami izini na musamman.

Su ma lambobin da kamfanoni ke rubutawa, a da kowa yana faɗin abin da ya ga dama ne domin ya fi abokin gasarsa. Daga baya ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka ta fito da gwaji guda mai suna J2807, wanda Toyota ya fara bi a 2011, sauran manyan kamfanoni suka biyo baya wajen 2015. Cikin gwajin akwai hawan wani tudu a jahar Arizona, kusa da madatsar ruwa ta Debis. Tsawonsa wajen kilomita 18 ne, kuma sai zafin rana ya kai aƙalla digiri 38, na'urar sanyaya mota tana aiki, motar ta haye da tirelarta ba tare da inji ya yi zafi ba.

Nan ya kamata mu tsaya mu yi tunani. Zafin da su suka ɗauka a matsayin jarrabawa mai tsanani, a Tawa da Ƙonni da Damagaram ranar Afirilu ce ta yau da kullum, har ma yakan wuce digiri 40. Kuma su da sabuwar mota suke gwajin, mutum biyu kawai a ciki. Motocin da ke zuwa kasuwannin ƙauye a nan, akasarinsu sun yi shekaru suna aiki a wata ƙasa kafin su iso mu. Ke nan lambar da aka rubuta wa motar tana sabuwa, ragi ya kamata a yi mata a nan.

Mu komo tasharmu

Ɗakin kwana mai taya ba abin da muka saba gani ba ne a hanyoyinmu, amma motar muna da ita, tun daga tsohuwar Peugeot 404 da 504 da ake kira bashe har zuwa Hilux da Land Cruiser. Muna da ƙananan tireloli da masu walda ke haɗawa, ana ɗaura su a bayan mota a kai kujerun biki, ko janareto, ko durom na ruwa. Muna kuma da abin da ya fi yawa, wato lodin da ya wuce kima a cikin bodi. Lissafin duka ɗaya ne.

Hilux tana ɗaukar wajen tan ɗaya, wato kilo 1000, kuma mutane a ciki suke. Buhun gero mai tiya 40 kilo 100 ne. Ke nan buhu goma sun cika ta tun direba bai shiga ba. In aka cire direba da yaron mota, saura buhu takwas da ɗan abin da ba a rasa ba. In mutum goma suka hau, kowane a ce kilo 65, sun cinye kilo 650, abin da ya rage wa kaya buhu biyu ne ko uku. Yanzu kowa ya tuna motar da ya hau zuwa kasuwa makon jiya, ya ƙirga buhunan da ke ƙarƙashinsa da kawunan da ke kewaye da shi.

Kayan da aka tara sama kuma suna da nasu haɗarin daban. Duk yadda lodi ya yi tsawo, haka motar ke saurin karkata. Kwana ɗaya da aka shiga da gudu, ko taya ɗaya da ta sauka daga gefen kwalta zuwa rairayi, ya isa ya kifar da ita. Waɗanda ke zaune bisa buhuna kuwa ba su da abin riƙewa sai igiya.

A gangaren duwatsun Adar, wajen Keita da Buza, wata matsalar ce ke jira. Direban da ya dogara da birki kaɗai daga sama har ƙasa da mota mai nauyi, birkin zai ɗauki zafi, ya taka ya ji ba ya kamawa. Masu jan tirela a Amurka abin da ake koya musu ke nan: a sauka tudu da ƙaramar giya, inji ya riƙe mota, birki ya zama mataimaki.

Ba a ce direbobi ba su san wannan ba. Sun sani, kuma suna da hujjarsu. Mai yana da tsada, kayan gyara suna da tsada, mai mota yana jiran kuɗinsa da yamma, kuma a kan kowane buhu ake biya. Shi ma mai kaya yana son rangwame, kuma ba ya son a bar masa buhu biyu a tasha kasuwa ta ci ba shi. Kowa yana da gaskiyarsa, amma garin neman gira ake rasa ido. Jika guda da aka rage a kuɗin mota ba ta biyan buhun albasar da ya fashe a kwalta, balle ƙafar da ta karye. Kuma a sani, asiransin dole da mafi yawan motoci ke da shi an yi shi ne domin biyan mutanen da mota ta yi wa lahani. Hajar da ke cikin bodi ba ta cikinsa. In ta zube, jarin mai ita ne ya zube.

Akwai dokar ƙungiyar UEMOA ta shekarar 2005, wadda ake kira doka ta 14, da ta ƙayyade nauyin da manyan motocin kaya za su ɗauka, kuma dominta ake da sikeli a wasu manyan hanyoyi. Amma manyan motoci ta shafa. Ƙaramar a-kori-kura da ke bin hanyar ƙauye ba mai auna ta, sai idon direba da idon masu kaya.

Abin da mai kaya zai iya dubawa

Ba sai mutum ya zama makaniki ba. Uwargida mai zuwa kasuwa da Alhaji mai aika kaya, duk suna iya duba abubuwa kaɗan kafin mota ta tashi.

Na farko, a tsaya daga gefe a dubi motar bayan an gama lodi. In bayanta ya zauna, gabanta ya ɗaga, ko ta karkata gefe guda, ta faɗi abin da ke damunta. A nemi a rage, ko a jira ta gaba.

Na biyu, a dubi yadda aka jera kaya. Masu nauyi kamar hatsi, siminti da jarkokin mai su zauna ƙasa, kusa da kan mota. Marasa nauyi su hau sama. Buhun da aka ɗora bisa ƙofar baya a buɗe, shi ne buhun da ke ɗaga jaki.

Na uku, taya. A jikin kowace taya akwai lambar nauyin da take ɗauka: mai lamba 100 kilo 800 ne, mai 104 kilo 900, mai 112 kilo 1120. Akwai kuma lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka ƙera ta. In an ga 2318, ana nufin mako na 23 na shekarar 2018. Tayar gwanjo tana iya zama da sauran zane a jikinta alhali robar ta tsufa ta tsattsage. Tsohuwar taya, da ƙarancin iska, da lodi, da kwalta mai zafi, in suka haɗu fashewa ce ke biyo baya. Iska kuma da safe ake auna ta, kafin taya ta ɗauki zafi.

Na huɗu, ga wanda ke da motar kansa, iyakar nauyinta tana rubuce a kartigiri da kuma ɗan farantin kamfani da ke jikin motar, sau da yawa a bakin ƙofa. A cire nauyin motar fanko daga cikakken nauyin da aka yarda mata, abin da ya rage shi ne abin da za ta ɗauka.

Na biyar, in za a ja tirela, a tabbata ƙugiyar a jikin ƙashin motar aka ɗaure ta, ba a jikin bamba ba. A sa sarƙa biyu a gicciye ƙarƙashinta domin ko ta kuɓuce kada tirelar ta tafi ita kaɗai. A sa mata fitilun baya masu aiki. In ba ta da birki, kada ita da kayanta su wuce kilo 750, kuma a rage gudu, a bar tazara mai yawa tsakani da motar gaba.

Na ƙarshe ya rataya ne a wuyan ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na mata masu adashe. Mace ɗaya in ta ce lodi ya yi yawa, za a ce ta sauka ta ba wata wuri. Amma mata goma da ke zuwa kasuwa ɗaya kowane mako, in suka haɗa kuɗi suka ɗauki shatar mota, su ne za su faɗi buhu nawa za a ɗora da mutum nawa za su hau. Direban da ya san yana da masu kaya tabbatattu duk mako, shi ma ya fi son sifirin motarsa da tayoyinsa su daɗe.

Ba'amurken da ke auna ɗakinsa kafin ya tashi, hutu kawai za shi. Wanda ke hawa motar kasuwa kuwa ya ɗora jarinsa, da abincin gidansa, da ransa a kan tayoyi huɗu. In har mai tafiya hutu zai tsaya ya yi lissafi, mai neman abinci ya fi shi cancantar yi. Tafiya sannu-sannu kwana nesa. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a kasuwa.